Me ya sa allurar tetanus ba ta sakin jiki nan take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar aikin jinya ce. Na ga an yi wa mai tetanus allurar kashe dafi, amma kwana da kwanaki haƙoransa na datse, bayansa a sandare. Me ya hana allurar sakinsa? Daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allurar tana kama dafin da bai shiga jijiya ba ne kawai, wato jijiyar da ke kai saƙo, ba ta jini ba. Wanda ya riga ya shige, ya fi ƙarfinta.

Don ki gane dalili, bari mu fara da yadda jijiya ke aika saƙo. A bakin kowace ƙwayar jijiya akwai 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, cike da sinadarin saƙo. Jaka ba ta zazzage kayanta sai tantaninta ya haɗe da na ƙwayar, kuma furotin uku da ake kira SNARE ke wannan aiki: sinaptobrebin a jikin jakar, sintaksin da SNAP-25 a bangon ƙwayar. Sukan murɗe da juna kamar igiyar rama, su jawo jakar dab da bango, su tsaya. Da kalsiyam ya shigo, wani furotin na jikin jakar mai suna sinaptotagmin ya cafke shi, sai jakar ta buɗe cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Daga baya wani furotin mai suna NSF ya warware murɗin don a sake amfani da su. A wannan fage ne masana kimiyya Rothman da Schekman da Südhof suka sami kyautar Nobel a 2013.

Dafin tetanus yakan bi jijiya daga rauni har laka, ya shiga ƙwayoyin da ke hana tsoka wuce gona da iri, ya datse sinaptobrebin. Sai sinadaran GABA da gilaisin, waɗanda ke kai saƙon sassauta tsoka, su daina fita, tsoka ta ɗaure ba mai ce mata isa. Dafin botulinam, wanda wata ƙwayar cuta dabam ke fitarwa, shi ma waɗannan furotin yake yankewa, amma a mahaɗar jijiya da tsoka, shi ya sa nasa majinyacin yake saki ya yi laushi.

Sai jijiya ta gyara abin da aka yanke, kuma wannan kan ci mako 4 zuwa 6. Kafin nan aikinku ne: a wanke raunin sosai, a sa shi a ɗaki mai duhu da shiru domin ƙara da haske na tayar da jijjiga, a ba da maganin sassauta tsoka yadda likita ya rubuta, ido kuma a kan numfashi. Kada a sallame shi ba a fara masa rigakafi ba, don kamuwa da tetanus ba ta hana sake kamuwa.