Amsoshin Tambayoyinku: Waya, Data da Masu Sayar da Expo

Wani magidanci daga Gwaram ya ce zai kai buhun gero biyu kasuwa ya saya wa ɗansa babbar waya saboda JAMB, jarrabawar shiga jami'a. Malam, ka bar geronka a rumbu, damina da saura. Tsohuwar Tecno ko Itel mai riƙe caji ta wadatar, kuma in a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano za ka saya, a gwada batirin a gabanka kafin ka miƙa kuɗi. Abin da ya fi kayar da yaranmu na ƙauye rashin sabo da kwamfuta ne: tambaya 180 cikin awa biyu, ga yaron da bai taɓa zama gabanta ba. Ka kashe kuɗin a motar kai shi cibiyar gwaji a Birnin Kudu ko Dutse.

Wani saurayi daga Dambatta yana neman manhajar da za ta sa ya ci jarrabawa ba tare da ya wahala ba. Babu ita. Je ka buɗe littafi.

Ɗalibi daga Karaye kuma ya ce an saka shi a wani zaure na WhatsApp na masu sayar da expo, wato satar jarrabawa, wai ya tura dubu goma a ba shi tambayoyi daren jarrabawa, ko a ƙara masa maki bayan ta fito. Yaro, ka fice yau ɗin nan. Wanda ke iya ƙara maki a kwamfutar JAMB zai zauna yana roƙon dubu gomarka? Tsoffin tambayoyi suke kwafowa su canza shekara, ranar jarrabawa ka kira lambar ka ji ta a kashe. In ka ba su NIN, wato lambar shaidarka ta ɗan ƙasa, da lambar rajistarka kuwa, ka miƙa musu wuyanka. In aka kama ka, sakamakonka za a soke, su suna can suna neman wani. Abin da ke ƙona min rai shi ne iyaye ke biya. Uwa ta sayar da akuyar da ta kiwata shekara guda, ta tura wa ƙaton da ba ta taɓa gani ba. Tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025 kowa ke kuka, amma kuɗin ɓarawo ba ya wuyar samuwa! Masu expo tsoron yara suke ci, shi ya sa suke ƙara matsa lamba idan saura mako guda.

Sai wasiƙar wata yarinya daga Ringim. Karo na biyu ke nan za ta zauna, tana kwana kallon darussa a waya, gabanta na faɗuwa, da safe ta rasa abin da ta karanta. 'Yata, ba daƙiƙiya ba ce ke, gajiya ce da fargaba. A 2025 sama da ɗalibai miliyan 1.5 ne ba su kai maki 200 ba cikin 400. Karatun waya yana da wani lahani: a aji malami kan ga fuskarki ta canza ya tsaya ya maimaita, bidiyo kuwa wucewa yake yi. Don haka ke za ki riƙa lura da zuciyarki. Da kin ji faɗuwar gaban ta taso, ki ajiye wayar, ki yi alwala, ki ja numfashi a hankali, sannan ki koma kan tambaya mai sauƙi. Ki sauke darussan lokacin da sabis ke da ƙarfi, ki kashe data, ki karanta bayan asuba. Barci ne ke zaunar da karatu a kai. Ki samu ƙawaye biyu ku riƙa yi wa juna tambayoyi da yamma, ki kuma gaya wa Innarki abin da ke damunki. In rashin barcin ya ɗauki makonni, ku je asibiti tare da ita.