Amsa ga mai cikin da hoto ya nuna leɓen jaririnta a tsage

'Yar'uwa, kin ce hoton da aka yi miki a wata na biyar ya nuna leɓen jaririn na sama a tsage, kina tambayar ko yana gyaruwa. Yana gyaruwa sarai, kuma ba wani abu kika yi ba. Leɓe yana haɗewa ne tsakanin sati na 4 da na 7 na ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. A duniya, kusan jariri ɗaya cikin 700 ake haifa da wannan.

Hoton sati 18 zuwa 22 yana kama tsagar leɓe, amma ba kasafai yake nuna ko ganɗa, wato rufin baki, ita ma a tsage take ba. Don haka ki haihu a asibiti, a haska bakin jaririn da fitila a duba har can wajen beli.

Inda aka fi samun matsala shi ne shayarwa. In ganɗar ma a tsage take, bakin ba ya iya zuƙo nono. Za ki ga yaro ya daɗe a mama yana ta mamula, ya gaji ya yi barci, alhali cikinsa babu komai, nono kuma na fitowa ta hanci. Ki tatse, ki ba shi da ƙaramin kofi ko kwalba mai laushi da ake matsawa, kina riƙe da shi kamar a zaune. Kada shan ya wuce minti 30, ki riƙa tsayawa yana gyatsa, don iska yake haɗiya sosai. Duk sati a ɗora shi a sikeli, domin ramewa ce ke sa a yi ta ɗage aikin tiyata.

Ranar suna, don Allah kada wanzami ya taɓa belinsa. Da naman wurin likita zai yi gyara.

Ana ɗinke leɓe a wata 3 zuwa 6, in nauyinsa ya kai wajen kilo 5 kuma jininsa ya isa. Ganɗa kuwa tsakanin wata 9 zuwa 18, kafin baki ya buɗe, in ba haka ba magana za ta riƙa fita ta hanci. Irin waɗannan yaran ruwa na yawan taruwa a kunnensu, sai a riƙa gwada jinsu. In tsagar ta ratsa dasashi, akwai dashen ƙashi wajen shekara 8 zuwa 11.

Ƙungiyar Smile Train tana biyan kuɗin aikin a asibitocin da take hulɗa da su a Najeriya. Tun a awo na gaba ki nemi a haɗa ki da likitan tiyatar baki da fuska.