Tambaya da Amsa: "Anti, na zo koyon aiki babban birni amma kamar ba a san da zamana ba"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗaliba ce, makaranta ta turo ni sanin makamar aiki na wata shida a wani ofis a babban birnin ƙasarmu, yanzu ina cikin wata na biyu. Wallahi ranar da takardar ta fito har kukan murna na yi amma yanzu kullum da nauyin zuciya nake tashi. Inda na samu ɗaki can bayan gari ne, tun da duhu nake fitowa in hau mota biyu kafin in isa, in na isa kuma ba abin yi, an aje min kujera kusa da injin fotokwafi shikenan. Wanda aka ce shi ne zai riƙa kula da ni kullum yana mitin ko ya yi tafiya. In an tuna da ni to fotokwafi ne ko kai fayil sama. A mitin sai su yi ta kiran wasu gajerun haruffa bansan me suke nufi ba kuma ina jin kunyar tambaya kar a ce wannan me ta karanta a makarantar. Sauran 'yan koyon aikin 'yan gari ne sun san juna, in kinga suturarsu da wayoyinsu sai in ji ni kamar 'yar aike. Alawus ɗin ma kuɗin mota ke cinye shi. Da daddare in na koma ɗaki ba mai ce min sannu da dawowa, Mama in ta kira sai in ce komai lafiya. Anti in tattara in koma gida ne, ko dama ni ce ban dace da irin wannan wurin ba?

Ƙanwarki a babban birni.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wurin da kika ce ba mai ce miki sannu da dawowa ya taɓa ni sosai, to ga shi daga gare ni, sannu da dawowa, sannu da ƙoƙari. Kar ki koma tukuna. Ki ƙara ba wurin wata ɗaya, amma a cikin watan nan akwai abubuwan da nake so ki yi da kanki, don in kika ci gaba da jira a kujerar nan haka wata shidan zai ƙare.

Bari in fara gaya miki yadda abin yake ta ciki, don na lura kin ɗauka raina ki aka yi. A yawancin manyan ofisoshi sashen kula da ma'aikata ne ke karɓar 'yan koyon aiki, shi kuwa sashen da aka tura ki sau da yawa sai ranar da kika iso da takarda a hannu suke sanin zuwanki, ba wanda ya zauna ya tsara me za ki yi. Sannan ba sabon mutum aiki shi ma aiki ne, sai an yi bayani, a duba, a gyara, ma'aikacin da ake jiran takarda daga wurinsa kafin ƙarfe biyu cewa zai yi a ransa gara in yi da kaina ya fi sauri. Shi ya sa in kika ce "akwai abin da zan yi?" amsar kullum ita ce babu yanzu, saboda kin ɗora masa nauyin tunano miki aiki. Ke za ki tunano aikin ki kai masa, nasa kawai ya ce to. Misali ki ce, "Yallaɓai, naga akwai mitin ranar Laraba, in ba damuwa zan rubuta abin da aka tattauna da abin da aka yanke in kawo ka duba." Rubuta bayanan taro aiki ne da kusan kowa ke gudu, kuma wallahi ban san aikin da ya fi shi saurin koya wa baƙo ofis ba, a nan za ki san sunan kowa, ki san wa ke magana da yawa wa kuma in ya yi magana an gama, ki san aikin da ya maƙale da dalilin maƙalewarsa. In kin rubuta ki miƙa a ranar ko washegari da safe, kar ya kwana biyu. Wanda ya karɓi aiki mai tsabta a kan lokaci daga hannunki, gobe da kansa zai neme ki.

Fayil ɗin da ake aiken ki da shi ma kar ki raina. Ki duba bangonsa ki ga daga teburin wa ya fito, wa ya sa hannu, wa zai sa bayansa, me ya sa ya dawo. Wannan zagayen shi ne yadda hukuma ke yanke shawara, kuma ba a koyar da shi a aji. Sai dai ki kiyaye, fayil ɗin da aka rubuta "sirri" a kansa ba naki ba ne, kuma ko da wasa kar ki ɗauki hoton takardar ofis da waya balle ki ɗora a WhatsApp, wannan kaɗai ya isa a sallami mutum.

Shi kuma mai kula da ke, ki daina jiran ya waiwayo ki. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ki samu sakatariyarsa ko wanda ya san shige da ficensa ki roƙi minti goma, ki shiga da takarda kin rubuta tambayoyinki, me yake so ki iya kafin ki tafi, wa za ki riƙa tambaya in ba ya nan, kuma ko ya yarda ki riƙa turo masa ɗan taƙaitaccen saƙo ƙarshen kowane mako. Layi biyar ya isa, ga abin da na yi, ga inda na maƙale, ga abin da nake so in gwada mako mai zuwa. Ko bai amsa ba ki ci gaba da turawa. Ranar da za ki rubuta rahoton makaranta ga komai a jere, ranar da shi kuma zai rubuta miki takardar shaida yana da abin da zai faɗa a kanki na gaskiya.

Maganar gajerun haruffa, ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta duk wanda kika ji, bayan an tashi ki tare mutum ɗaya mai sauƙin kai, ba lallai babba ba, ki ce dan Allah fassara min waɗannan. Kowane ofis da nasa, wanda ya shekara goma a wata ma'aikata in ya dawo nan shi ma sai ya tambaya. Jin nan da kike yi cewa ba ki cancanta ba kuma wata rana za a gano ki, tun 1978 wasu masana halayyar ɗan adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu a kansa bayan sun yi aiki da mata sama da 150, cikinsu har da masu digirin digirgir da ƙwararru da ake girmamawa a fagensu, amma a ransu suna ganin sa'a ce kawai ta kai su inda suke. Kinga ashe jin ba ya auna iyawar mutum.

Yanzu garin. Wahalar motar nan ba laifinki ba ce, haka manyan biranen mulki da yawa suke, ofisoshi a tsakiya inda haya ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, masu aikin kuma a gefe. Brasiliya da aka buɗe a 1960 a matsayin sabon babban birnin Brazil an zana ta ne don mutum kusan 500,000, yau mafi yawan mutanen yankin a garuruwan da ke kewaye suke kwana su shigo da safe. To ki sani a ofis ɗinku akwai waɗanda hanyarku ɗaya, ki tambayi masinja da direbobi da masu gadi, su suka fi kowa sanin wace mota ce ta fi sauƙi, ƙarfe nawa cunkoso ke farawa, ko akwai motar ma'aikata da ba a gaya miki ba, ko akwai wata baiwar Allah da ke bin unguwarku da za ku riƙa haɗa kuɗin mai. Ki gaishe su da sunansu kullum. Ranar da alawus ya shigo ki fara cire kuɗin motar wata ki ware gefe kafin ki taɓa komai. Kuma ina roƙon ki, kar ki ci bashi don sutura ko waya, musamman a manhajojin bashin nan na waya masu ruwa mai yawa. 'Yan garin nan da kike gani a gidan iyayensu suke kwana, ba haya ba kuɗin mota biyu. Kaya kaɗan masu tsabta da guga sun wadatar.

Kaɗaicin shi ya fi damuna. Wani malami a Jami'ar Kansas, Jeffrey Hall, ya fitar da bincike a 2018 da ya haɗa da mutanen da ba su daɗe da komawa sabon gari ba, ya gano sai an yi kamar awa 50 tare kafin wanda aka sani sama-sama ya zama abokin hira, kamar awa 90 kafin ya zama aboki, aminci kuwa sai an haura awa 200, kuma awannin da aka yi ana aiki kawai ba su cika shiga lissafi ba, na hira da zama tare su ne. To ke da ba ki cika wata biyu ba kuma rabin ranarki a mota, yaushe kika tara awannin? Ki zaɓi wuri ɗaya da za ki riƙa zuwa duk mako a lokaci ɗaya, wurin ibada ne, ajin koyon wani abu ne, ko ma hutun rana ki daina zama ke kaɗai ki ja kujera kusa da sauran 'yan koyon aikin. Cikin su ki fara da mutum ɗaya, ki ce ta nuna miki gari ranar hutu, mutane na son a tambaye su garinsu. Mama kuma ki gaya mata ko da rabin gaskiyar ne, uwa tana ji a murya, ɓoyewar ta fi tayar mata da hankali. In kuma kika ga baƙin cikin ya wuce mako biyu kullum ba sauƙi, barci ya lalace, ba kya jin daɗin komai, to ki ga likita, wannan ya wuce kewar gida.

Akwai inda zan ce ki bar wurin ba jira, in wani babba ya fara kiran ki da daddare ko ya ce ki tsaya bayan kowa ya tashi ba dalilin aiki, ko hanyar ɗakinki ba tsaro. In kuwa zaman banza ne kawai ya ci gaba bayan kin yi duk wannan, ki kira malamin da ke kula da ku a makaranta ki nemi a canza miki sashe ko wuri a rubuce. Kar ki tafi ba da saninsu ba, za ki iya asarar watannin da kika riga kika yi. Ki sake rubuto min bayan watan nan.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ni saura mako uku in gama nawa koyon aikin kuma ina son wurin sosai. In fito fili in ce su riƙe ni ko hakan roƙo ne?

Ƙaninki.

AMSA

Ka faɗa ƙanina, ba roƙo ba ne, in ka yi shiru ɗauka za a yi kana da wani shirin. Amma ka sani sau da yawa shugaban sashe ba shi da ikon ɗaukar kowa ko yana so, sai an samu gurbi da kasafi kuma an tallata. Don haka ka ce masa kana son aikin, ka tambayi yaushe suke ɗauka kuma me suke dubawa. Takardar shaida ka nema yanzu tun kana gabansu, ka kai masa jerin ayyukan da ka yi don ya ji sauƙin rubutawa, in ka bari sai bayan wata uku za ka yi ta sintiri.

Lambobin mutane kuma kar ka tsaya kan abokanka na kusa. Mark Granovetter, masanin zamantakewa, a aikinsa da ya fito a 1973 ya duba yadda wasu ma'aikata a kusa da Boston suka samu aiki, cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani, mafi yawa ta hannun mutanen da suke gani jefi-jefi ne, saboda na kusa da kai labarin da ka sani shi suka sani. To matar nan ta sashen kuɗi da kuke gaisawa a matakala, da mutumin wata ma'aikata da kuka haɗu a taro, ka je ka yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya ka karɓi lambarsu, bayan wata biyu ko uku ka tura gaisuwa ka gaya musu inda kake da irin aikin da kake nema.