In kai tsohon gwal gwanjon Turai ko in sayar a kan sikeli?

Wata Hajiya mai sayar da gwal a Kano ta aiko da tambaya. Ta ce yawancin kayanta daga Dubai da Saudiyya take sarowa, tana kuma sayen tsoho a hannun mata. Kwanan baya aka kawo mata wani awarwaro cikin kayan gado, giram 40, da rubutun boko ƙanana a cikinsa. Maƙeri ya ce a narka. Ita kuwa ta ga labarin yadda ake sayar da tsofaffin kayan ado miliyoyin daloli a gwanjo, shi ne take tambaya ko can ya kamata ta nufa, har ma ta riƙa saro kaya daga can.

Hajiya, kafin komai ki ce wa maƙerin nan ya dakata. Wuta ba ta mayar da abin da ta ci.

Kasuwarku da tasu ba abu ɗaya suke saye ba. Ke in an kawo miki sarƙa, sikeli za ki ɗora, ki duba karat nawa ce, ki tambayi farashin giram na ranar. Kuɗin ƙira ma ba ki mayar wa mai ita. A manyan gidajen gwanjo irin su Christie's da Sotheby's, masu baje kayan ado a birnin Janiba duk watan Mayu da Nuwamba, nauyi ne ƙarshen abin da ake tambaya. Wa ya ƙera, wane dutse ne a jiki, wuyan wa ya taɓa hawa: nan kuɗin yake. A 2018 an fitar da wani lu'ulu'un teku na Marie Antoinette, sarauniyar Faransa. An ƙiyasta masa dala miliyan 1 zuwa 2, aka sallama a kan miliyan 36. Sunan sarauniyar aka saya.

Saboda haka ki nemi gilashin ƙara girma ki leƙa cikin awarwaron, musamman wajen maɓalli. In kin ga 750, karat 18 ne. 875 shi ne 21 ɗin da kika saba. 916 kuma 22. Wannan bai ce komai ba tukuna. Abin nema shi ne sunan kamfanin da ya ƙera, kamar Cartier ko Van Cleef & Arpels, da lambar kaya kusa da shi. In suna nan, kada ki goge, kada ki ba da a gyara, kada a sauya dutse ko ɗaya. Jabu ma sun yi yawa, don haka ganin suna ba biki ba ne. In kuwa 750 kaɗai kika gani, babu suna babu dutsen kirki, to sikelinki ya fi miki gwanjo.

Ga lissafin da labaran intanet ba sa kawowa. A ce guduma ta faɗi a kan dala 10,000. Mai saye zai ƙara wa gidan gwanjo la'ada wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ya biya 12,500 ko fiye. Ke mai kaya za a cire miki taki la'adar, sau da yawa wajen kashi 10, ga inshora, ga kuɗin aikawa. Abin da zai shigo hannunki bai kai 9,000 ba, kuma sai bayan wata guda ko fiye. Wannan jinkirin ki tambayi malaminki a kansa, tunda cinikin zinare da kuɗi hannu da hannu aka san shi. Sannan in tayi bai kai mafi ƙarancin farashin da kuka ajiye ke da gidan gwanjo ba, kaya ya dawo miki, kin yi asarar hidima. Har manya abin yana ritsawa da su: wani daimon mai ruwan hoda da ake kira Pink Star an yi masa tayin dala miliyan 83 a 2013, mai tayin ya kasa biya, sai a 2017 aka sayar da shi miliyan 71.2 a Hong Kong.

Batun saro kaya daga can kuwa, ban ba ki shawara ba. Za ki biya kuɗin suna da la'ada da dala, ki kawo wa mai haɗa lefe, ita kuma ta ce a ɗora a sikeli, ta ƙara da cewa ai 18 ne, bai yi ja ba.

Ki ɗauki hoton awarwaron a hasken rana, gaba da baya da rubutun ciki, ki rubuta nauyinsa da inda ya fito. Gidajen nan biyu suna karɓar hoto ta shafinsu su yi ƙiyasi kyauta. Ki kuma sa magadan su rubuta miki takardar ciniki da shaidu, domin za a tambaye ki yadda ya zo hannunki.