Hukuncin cusa takardar talla a cikin jarida ba da izinin masu ita ba

Tambaya: Malam, ina da 'yar sana'a. Nakan ba mai sayar da jarida wani abu, ya riƙa cusa takardun tallata a tsakanin shafukan jaridu da mujallu, kamfanonin ba su sani ba. An ce doka ta hana. Shin akwai laifi a Shari'a?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, wannan bai halatta ba, ko da a ce babu dokar.

Jarida ba da kuɗin sayar da ita kaɗai take rayuwa ba, talla ce babbar hanyar samunta. Abin da mai talla yake saye shi ne isa ga masu karatu da amincewar da suka yi wa jaridar, kuma wannan amfani ne mai ƙima da ake biya a kansa. Kai ka more shi ba da yardar masu shi ba, alhali Allah ya hana cin dukiyar juna da ɓarna sai ta ciniki bisa yarda (Nisa'i, aya ta 29). Kuɗin da ka ba mai sayarwa bai wanke ka ba, domin ya sayar maka abin da ba nasa ba. In yana mayar da kwantai ga kamfani, wakili ne, wakili kuwa amana ce a hannunsa.

Wani zai ce, to in ya sayi jaridun sun zama mallakarsa fa? Takardar ta zama tasa, gaskiya, amma sunan jaridar bai zama nasa ba. Mai karatu zai ɗauka da sanin jaridar tallar ta shigo, ya saki jiki. Wannan algushu ne, kuma a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algushu ba ya tare da shi.

Dokar kuwa ba ta saɓa wa Shari'a ba, kare haƙƙi take yi, don haka bin ta wajibi ne (Nisa'i, aya ta 59).

Ka daina, ka tuba, ka nemi kamfanin ya yafe ko ku daidaita kan abin da za ka biya. Cinikin da ka yi da masu sayen kayanka yana nan ingantacce, muddin kayan halal ne kuma ba ka yi ƙarya wajen siffanta su ba.

Wallahu a'alam.