Tambaya da Amsa: Har Yanzu Ana Karatu a Tsoffin Makarantun Samarƙand da Bukhara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin tafiya ƙasar Uzbekistan domin ziyartar kabarin Imamul Bukhari, kuma na sha jin ana yabon tsoffin makarantun addini na can. Wacce ta fi cancanta in ware wa lokaci, kuma shin har yanzu akwai ɗalibai a cikinsu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Kabarin Imamul Bukhari, wanda ya rasu a shekarar 870, yana ƙauyen Hartang kusa da Samarƙand, saboda haka da wannan birni ya kamata ka fara, a dandalin Registan, inda makarantu uku suka kewaye fili guda.

Wadda ta fi tsufa ita ce ta Ulug Beg, jikan Taimur, da aka gina tsakanin 1417 da 1420. Wannan sarki masanin taurari ne, kuma a makarantarsa an koyar da lissafi da ilimin falaki tare da ilimin addini, har magina suka ƙawata saman babbar ƙofar da siffofin taurari. Idan ka isa, ka matsa jikin bango sosai, domin abin da kake ɗauka fenti ne daga nesa za ka tarar tubali ne mai ƙyalli, shuɗi da tsanwa, da aka jera ɗaya bayan ɗaya har suka fitar da sunan Allah da na Annabi a rubutun Kufi. Makarantar Sher-Dor da ke fuskantarta, wadda aka gama a 1636, ta yi suna ne da hoton damisa tana bin barewa, abin da ba kasafai ake gani a ginin addini ba. Ta ukun, Tilla-Kori, masallacinta ne aka lulluɓe da ruwan zinariya.

Sai dai a Registan babu ɗalibai yanzu. Ƙananan ɗakunan da ake kira hujra, inda masu neman ilimi suke kwana a da, da yawansu sun zama shagunan sayar da tsaraba, kuma wannan abu ne da ke sosa ran duk wanda ya san darajar wurin.

In karatu mai rai kake son gani, ka hau jirgin ƙasa na Afrosiyob zuwa Bukhara, mahaifar Imamin, ka nufi makarantar Mir Arab da aka gina a wajajen 1536, daura da masallacin Kalon da hasumiyarsa ta 1127. Hukumomin Tarayyar Sobiyet sun rufe ta, suka sake buɗe ta a 1946, ta kuma shafe shekaru ita kaɗai ce makarantar da aka yarda ta horar da malaman Musulunci a faɗin ƙasar. A ganina ita ce ta fi cancanta da lokacinka, ko da yake baƙi a zaure ake tsayar da su, sai dai su leƙa tsakar gidan ta tagar raga. Ka je gab da sallar Azahar, lokacin da ɗalibai suke fitowa, ka yi musu sallama, kuma kada ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izininsa.