Yadda ake bambance layin kowane shafi a ƙarin manhajar Chrome

Tambaya: Ina rubuta ƙarin manhaja na Chrome. Kowane shafi (tab) yana kiran `chrome.runtime.connect` don ya haɗu da rubutun bayan fage, amma da shafuka sun kai uku, sai amsar wannan ta faɗa wa wancan. Yaya zan gane layin sadarwar (port) kowa?

Amsa: Malam, da alama da `port.name` kake dogaro. Wannan suna kai ka raɗa shi, kuma rubutu ɗaya ne ke gudana a duk shafukan, don haka kowa da suna iri ɗaya zai zo. Suna yana nuna aikin layi ne, ba mai shi ba.

Abin da kake nema yana cikin `port.sender`. A cikin `onConnect`, ɗauki `port.sender.tab.id`, lambar da burauza ke bai wa kowane shafi. Amma ita kaɗai ba ta isa ba idan ka sa `all_frames` a manifest (fayil ɗin saitin ƙarin manhajar), domin kowane firam (ƙaramin shafi da aka saka cikin wani) da ke cikin shafin zai buɗe nasa layin da lambar shafi guda. Sai ka haɗa ta da `frameId`, wanda 0 ne ga babban firam, ka yi mabuɗi kamar 412:0, ka ajiye layin a `Map`.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne sabunta shafi. Lambar ba ta canzawa, amma tsohon layi ya mutu, sabo ya zo da mabuɗi iri ɗaya. Idan `onDisconnect` na tsohon ya makara, zai goge sabon, shafin ya yi shiru ba tare da wani saƙon kuskure ba. Kafin ka goge, tabbatar `map.get(key) === port`. Daga Chrome 106 akwai `documentId`, wanda ke canzawa duk lokacin da aka loda sabon daftari. Ya fi tsafta.

Layin da ya fito daga popup (ƙaramar tagar da ke buɗewa idan an danna alamar ƙarin manhajar) ba shi da `sender.tab`, duba kafin ka taɓa `.id`.

A Manifest V3 kuma, ana kashe ma'aikacin bayan fage (service worker, wato rubutun bayan fage) bayan daƙiƙa 30 babu aiki, `Map` ɗinka ya tafi da shi. Shafi ya saurari `onDisconnect` ya sake haɗawa. Kada ka adana lambar shafi a `storage.local`: da an rufe burauza an buɗe, lambobin sun sake.